Lissafin Ruwan Sama: Ribar Tara Shi Da Asarar Sakinsa

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya na bayan kaka a Yangoji. Mun kawo shi yadda ya karanta, don amfanin 'yan'uwa da ba su samu halarta ba.)





Kwamiti ya ɗora mini yin magana a kan ruwa. Ni dai ɗan kasuwa ne, don haka da bakin kasuwa zan yi ta, wato nawa ne jari, nawa ne riba, yaushe uwar kuɗi za ta dawo, kuma aljihun wa za ta shiga. Mafi yawanmu nan ƙafa ɗaya tana kasuwa ɗaya tana gona. Wanda ba ya noma ma, da manomi yake ciniki. Saboda haka maganar ta shafi kowa.

Abin da yake sauka

Mu fara da ƙidayar kaya, kamar yadda ake yi idan mota ta sauke a bakin shago. A yankin Abuja ruwan sama da ke sauka a shekara yana kamawa daga milimita 1,100 zuwa 1,600, daga watan Afrilu zuwa Oktoba. A Maraɗi kuwa bai cika wuce 500 zuwa 600 ba. Waɗanda suka taso daga Katsina ko Sakkwato cikinmu sun san bambancin tun daminarsu ta farko a nan.

Kada kalmar milimita ta ba kowa tsoro. Ma'anarta ita ce, idan an yi ruwa milimita 1, to kowane fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1 ya sami lita 1. Shi ke nan. Mu ɗauki 1,200 don kada mu yi zuƙu. Gidan da rufin kwanonsa yake mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, lita 120,000 ke sauka a kansa a shekara. A cire kashi ɗaya cikin biyar na fantsama da yoyo, saura lita 96,000. Jarka lita 25 take ci. Ke nan jarka 3,840 ce take zuba daga indararon gida ɗaya, ta bi lungu ta tafi. A watan Maris kuma mai gidan nan shi ne zai tsaya ƙofar gida yana jiran ɗan garuwa.

A gona abin ya fi haka yawa. Hekta ɗaya, wato mita 100 ta kowane gefe, kusan eka biyu da rabi, tana karɓar lita miliyan 12 a damina ɗaya. Idan da tanka mai cin lita 10,000 za a kawo shi, sawu 1,200 ke nan. Wani kaso shuka ta sha, wani rana ta ɗauke, wani ya nutse ƙasa, wani kuma ya gudu. Wanda ya gudu ba ya tafiya hannu rabbana. Yana tafiya da ƙasar sama mai albarka, da takin zamanin da ka sayo da tsada ka zuba jiya. Ya faɗa rafi, rafi ya kai shi Gurara, Gurara ta kai shi kogin Kwara, ya wuce ta Lakwaja. Direbobinmu ba za su manta da 2012 da 2022 ba, lokacin da ambaliya ta datse hanyar Lakwaja, motocin kaya suka yi kwanaki a layi. A watan Oktoba ruwa ya hana mu wucewa, a watan Maris rashinsa ya hana mu noma.

To kun ga matsalarmu a nan ba ta ƙarancin ruwa ba ce. Kayan yana zuwa gaba ɗaya cikin wata shida ko bakwai, mu kuwa ba mu da sito.

Sito na farko: tanki

Ajiyar ruwa ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Duk wanda ya duba bayan takardar naira 20 zai ga marigayiya Ladi Kwali tana ginin tukunya, kuma manyan randunan ruwa na cikin abin da ya ɗaukaka sunan Kwali a duniya. Tankin roba na yau ƙanen randa ne, sai dai ya fi ta ciki.

Ga lissafinsa. Tanki mai lita 5,000 jarka 200 ne. Gida mai mutum goma a ce yana amfani da jarka 8 a yini. Idan an haɗa indararo da tankin, duk tsawon damina, kwana 180 a ce, ba a sayen ruwa: jarka 1,440 ke nan. Idan ruwa ya ɗauke kuma tanki yana cike, zai ƙara kai gidan kwana 25. A misali, in jarka naira 100 ce a unguwarku, an tsirar da naira 164,000 a shekara. Kowa ya sa farashin unguwarsu, ya je kasuwa ya tambayi kuɗin tanki da bututu da aikin mai haɗawa, ya raba. Zai ga shekara nawa uwar kuɗi za ta dawo. Ban sa cikin lissafi ba lokacin da yara suke ɓatawa a layin famfo alhali ana karatu a makaranta, da wahalar iyayenmu mata.

Amma a nan zan ja kunnen matasa, domin na ji wasu suna cewa za su sayi tanki su yi noman rani da shi. Tumatir ko attarugu a lokacin rani yana bukatar kamar lita 5 a kowace rana a kan kowane fili mai mita 1 ta ko'ina. Ɗan lambu mai mita 10 tsawo da faɗi zai sha lita 500 a yini. Tankin nan naka kwana 10 zai yi ya ƙare, tumatir kuwa sai ya yi kwana 100 ko fiye. Hekta ɗaya za ta ci lita miliyan 5 kafin a gama tsinka, wato tanki 1,000. Wa yake da wannan kuɗi? Ko yana da shi, kwandon tumatir nawa zai sayar ya fanshe?

Saboda haka tanki na gida ne: sha da girki da wanka, da ɗan alayyafo da zogale a bayan ɗaki, da renon irin da za a dasa, da kaji da awaki. A nan yana da riba. A gona kuwa faɗuwa ce.

Wanda zai sa tanki ya kiyaye abu uku. Ruwan farko na damina a bar shi ya wanke kwano ya zube, domin ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye. Tanki ya zauna a rufe, bakin bututu da raga, saboda sauro. Ruwan sha kuma a tace ko a tafasa.

Sito na biyu: tafki

Kakanninmu a Kano da Zariya da Katsina sun san wannan. Inda aka haƙi ƙasar gini nan ya zama kududdufi, da damina ya cika, ya rage wa gari ambaliya, da rani a shayar da dabbobi, rijiyoyin da ke kusa da shi kuma ba su cika ƙafewa ba. Da aka bi kududdufai da yawa aka cike aka yi filaye, ai kowa ya ga yadda ruwa yake shiga gidajen mutane a Kano. Kuma ɗalibai sun san tarihin Zubaida matar Haruna Rashid, wadda ta sa aka gina tafkuna da rijiyoyi a kan hanyar alhazai daga Kufa zuwa Makka, suna tara ruwan sama a tsakiyar hamada. Yau fiye da shekara 1,200, wasunsu suna nan ana ganinsu.

Tafki ya fi tanki araha nesa ba kusa ba, idan aka auna da lita. Rami mai mita 20 tsawo, mita 20 faɗi, zurfin mita 3, ko an karkata gefensa don kada ya rufta, zai ɗauki abin da ya haura lita 700,000. Sai dai yana da ɓarawo, shi ne rana da iskar hunturu. A kowace rana suna kwashe kamar milimita 5 zuwa 7 daga saman ruwa. Daga Nuwamba zuwa Maris an tasam ma mita guda ta tafi sama. Don haka tafki mai faɗi marar zurfi asarar kuɗi ne, kafin tumatir ya yi fure ya zama taɓo. A yi shi da zurfi, a rage masa faɗi, a zaɓi wuri mai laka ko yumɓu a gangaren gona, a yi masa ƙaramin rami a gaba inda ruwa zai fara sauke yashi, a bar masa kuma mafita idan ya cika.

Irin wannan tafki, bayan rana ta ɗauki rabonta ƙasa ta ɗauki nata, ba zai noma maka hekta ba. Amfaninsa biyu ne. Na farko, ceton shuka lokacin da ruwa ya yi tsaiko a tsakiyar damina ko ya ɗauke da wuri masara tana goyo. Ban ruwa sau biyu a irin wannan lokaci shi ne bambancin cika rumbu da tashi da kara. Na biyu, ɗan lambu na farkon rani, da kiwon tarwaɗa ga mai sha'awa. Kuma dole a kewaye shi, domin yara, domin kuma shanu.

Sito na uku: ƙasa kanta

Yanzu na zo kan abin da ya fi muhimmanci. Sito mafi girma, mafi araha, wanda rana ba ta yi masa sata, sauro ba ya haihuwa a cikinsa, yaro ba ya faɗawa, shi ne ƙasar da muke takawa.

Mutane da yawa suna zaton akwai wani teku a ƙarƙashin ƙasa, duk wanda ya huda zai sha har abada. Masana ƙasa sun nuna ba haka ba ne. Mafi yawan ƙasar Abuja a kan dutse take zaune, sai can kudu wajen Abaji ne ake samun dutsen yashi mai riƙe ruwa da yawa. A inda dutse yake, ruwa yana zama ne cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da cikin tsagogi. Shi ya sa za ka ga an haƙa burtsatse nan an samu, an matsa kaɗan an yi asara. Wannan ruwa kuwa ba daga ko'ina yake zuwa ba sai daga ruwan saman da ya samu ya nutse. Rijiya asusu ce. Abin da aka jefa da damina shi ake ɗauka da rani.

To mu duba yadda muke yi da asusun. Tun da aka dawo da babban birni Abuja a 1991, aka kuma ƙirƙiro Ƙaramar Hukumar Kwali a 1996, jama'a ƙaruwa take yi a kan wannan hanya. Kowane sabon gida kwano ne da siminti a tsakar gida, ruwa ba shi da wurin nutsewa. Kowane mai hali sai ya huda burtsatse. An sare itatuwa an yi gawayi, ana cinna wa daji wuta da rani, ƙasa ta zama tsirara, ruwan farko ya buge ta ta daskare. Masu ɗiba suna ƙaruwa, zubi yana raguwa. Duk ɗan adashi ya san ƙarshen wannan.

Ga inda abin yake taɓa aljihu. Ƙaramin injin ban ruwa mai shan fetur, irin wanda ya bazu a fadamun Arewa tun shirin Fadama na farko da Bankin Duniya ya tallafa wa a farkon shekarun 1990, ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8. Wannan ba laifin kamfani ba ne, haka halittar abin take, ko wane iri ka saya. Muddin ruwan ƙasa yana sama da wannan iyaka, talaka zai yi noman rani da 'yar rijiya da ƙaramin inji. Ranar da ya sauka ƙasa da haka, injin ya zama kayan gwangwan. Sai mai kuɗin haƙa burtsatse mai zurfi da famfon da ake zurawa ciki, wanda kuɗinsa ya ninka wancan sau da yawa. Mita biyu ko uku na ruwan ƙasa su ne tsakanin manomi mai cin gashin kansa da ɗan ƙwadago a gonar wani.

Daɗin daɗawa, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta ninka sau da yawa. Duk ƙarin zurfi ƙarin mai ne. Wasu sun koma famfo mai aiki da hasken rana, kuma abu ne mai kyau. Amma a lura: da can tsadar mai ce take sa mutum ya kashe inji. Yanzu da rana ce take biya, sai a bar shi yana zuba tun safe har la'asar, asusun kowa yana ƙarewa.

Abin da 'yan'uwanmu na Nijar suka yi

Kada wani ya ce maganar takarda ce. A Illela ta jihar Tawa a Nijar, ba Illelar Sakkwato ba, akwai fako mai tauri wanda ko ciyawa ba ta fitowa. A 1989 wani shiri da asusun IFAD ya tallafa wa ya kai wasu manoman yankin Yatenga a Burkina Faso, ƙasar su marigayi Yakuba Sawadogo, manomin da ya yi suna a duniya kan wannan aiki, ya rasu a 2023. Suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako, a zuba taki a ciki, ruwa ya taru ya nutse, a shuka gero ko dawa a ramin. Suka dawo suka gyara tasu tsohuwar dabara da suke kira tassa, suka haɗa da gini mai siffar rabin wata. Aiki ne mai wuya, rami fiye da 10,000 a hekta ɗaya, da rani, da hannu.

Abin da ya ja hankalina a matsayin ɗan kasuwa shi ne abin da ya biyo baya. Fakon da ko kyauta ba a karɓa sai ya shiga kasuwa, mutane suka riƙa sayensa suna gyarawa, farashinsa yana hawa. Haƙar tassa ta zama sana'a, matasa suna samun kuɗin ƙwadago a gida. A wani ƙauye mai suna Batodi kuma masu bincike sun ba da rahoton cewa tsakanin 1994 da 2004 ruwan rijiyoyi ya taso da kimanin mita 14, har mata suka buɗe lambuna a inda da ruwan sha ma wuya yake yi. Su don gero suka haƙa ramin, sai rijiya ta zo musu gyara.

A Maraɗi kuma tun daga 1983 aka fara abin da suke kira sassabin zamani, wato barin tohon kututture a gona a rene shi ya zama itace maimakon a sassabe shi. An ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 ta farfaɗo ta wannan hanya a kudancin Nijar. Haka a ƙasar Indiya, a yankin Alwar na jihar Rajastan, daga 1985 mutanen ƙauyuka suka koma gina ƙananan madatsun ƙasa irin na kakanninsu, har kogin Arbari da ya daɗe da ƙafewa ya dawo yana gudu.

Sai dai ba a ɗinka wa kowa riga da awo ɗaya. Ruwanmu ya ninka na Illela kusan sau uku. Wanda ya haƙa tassa a ƙasa mai laka a nan ya shuka masara a ciki, ruwa zai kwanta ya ruɓar da saiwa. Abin da za mu ɗauka shi ne hikimar: a rage wa ruwa gudu, a ba shi lokaci ya nutse. A wurinmu hanyoyinta su ne waɗannan. A ja kunya a gicciye da gangare, kada ta bi gangare ta zama wa ruwa titi. A jera duwatsu a layi a gicciye, dutse kuwa ba mu rasa shi ba a nan. A dasa layin gamba ko jema a iyakar gona, suna tare ƙasa, ga jinka da zana a kaka. A bar kara da ganye su rufe ƙasa, a daina ƙona su. Ƙaramin kwari da ya fara cin gona a tare shi da duwatsu ko buhunan yashi tun bai zama kwazazzabo ba. A bar ɗorawa da kaɗanya a tsaye. A gida kuma, rarar ruwan tanki a kai ta wani rami da aka cika da duwatsu da tsakuwa, nesa da tushen gini, nesa kuma da masai, domin ana so tsakanin masai da rijiya ya kai kamar mita 30.

Gonar wa? Ribar wa?

Jama'a, a nan gizo yake saƙar. Duk abin da na faɗa ba sabo ba ne ga malaman gona. Me ya sa ba a yi? Dalili biyu ne, kuma duka na lissafi ne, ba na lalaci ba.

Na farko, mu baƙi ne, mafi yawanmu aro ko haya muke noma a hannun masu gari, Gbagyi da Bassa da Ganagana da sauran waɗanda muka tarar. Ban da haka ma, dokar 1976 da ta kafa Birnin Tarayya ta sa ƙasar yankin baki ɗaya a hannun Gwamnatin Tarayya. Mutumin da bai san ko baɗi zai noma gonar nan ba, yaya za a ce ya kwashi duwatsu ya jera, ya haƙa tafki? Tsoronsa shi ne ya gyara gona ta yi kyau, a ce masa an gode, ko a ninka masa haya. Shi ma mai gona yana da nasa tsoron, kuma tsoro ne mai dalili: a al'adar wurare da yawa, wanda ya dasa itace ko ya haƙa rijiya kamar ya kafa hujjar mallaka ne. Ya ga yadda filaye suke salwanta a Abuja, ba zai so ya ba da aro ya wayi gari a kotu ba. To sai kowa ya noƙe, gona tana zaizayewa a tsakaninsu, su biyun suna asara.

Na biyu, ruwan ƙasa bai san iyakar gona ba. Kai ka jera duwatsu a tudu, rijiyar wanda yake gangare ce za ta cika. Kowa sai ya jira wani ya yi. Abin da ya sa ya yiwu a Batodi shi ne mutane da yawa ne suka yi a lokaci guda.

Maganin na farko shi ne a daidaita jari da tsawon zama, kamar yadda ba ka zuba tayil a shagon da aka ba ka na wata uku. Mai aron shekara ɗaya ya tsaya kan abin da yake biya a damina ɗaya: kunya a gicciye da rufe ƙasa da kara. Wannan ba ya cin komai sai ƙarfi, kuma takinka ma kaɗai da bai gudu ba ya biya ka. Layin duwatsu da gamba da tafki suna son shekara uku zuwa biyar, don haka kada a fara sai da yarjejeniya a rubuce, gaban mai gari da shaidu na ɓangare biyu. A rubuta ƙarara cewa gona ta mai ita ce, aikin da aka yi ba ya zama hujjar mallaka, shi kuma mai aro yana da shekara kaza ba tashi ba ƙarin haya, in wa'adi ya cika gyara ya zama na mai gona. Kowa ya samu: kai ka ci moriyar shekarunka, shi ya karɓi gonar da ta fi wadda ya bayar. Itace kuwa a bar wa mai gona ya dasa da hannunsa, ko a raba 'ya'yan bisa sharaɗi.

Maganin na biyu shi ne ƙungiya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma ba ƙungiyarmu kaɗai ba. Rafi ɗaya muke sha da masu gari da Fulani makiyaya. Tafkin da aka haƙa ba a zauna da makiyaya an ware inda shanu za su sha da hanyar da za su bi ba, rigima aka haƙa.

Shawarwari ga ƙungiya

Ina roƙon shugabanni su duba waɗannan guda biyar.

Ɗaya, mu fara awo. A zaɓi rijiya biyar a unguwanni daban-daban, ranar ɗaya ga kowane wata a zura igiya a auna zurfin ruwa a rubuta a littafi. Ɗaliban Islamiyya za su iya. Ɗan kasuwar da ba ya rubutu bai san ranar da ya fara cin uwar kuɗi ba.

Biyu, a buɗe adashin tanki. Gida goma ko ashirin su haɗu, duk wanda ya ɗauka tanki da indararo za a saya masa, ba kuɗi a hannu ba. A sa iyayenmu mata a gaba, su suka san zafin abin.

Uku, rufin masallaci da na makaranta su ne mafi faɗi da muke da su. A fara da su, da tanki da ramin tsakuwa, kowa ya gani da idonsa.

Huɗu, a naɗa dattawa su je wurin masu gari da girmamawa, a tsara takardar aro guda ɗaya mai sauƙi wadda kowa zai riƙa amfani da ita, a karanta ta da Hausa da harshen masu gona.

Biyar, a rubuta takarda zuwa sashen aikin gona na Ƙaramar Hukumar Kwali da ofishin bunƙasa aikin gona na Birnin Tarayya da ke Gwagwalada, a nemi malamin gona ya zo ya nuna mana yadda ake fitar da layin gicciye daidai, domin layin da ya karkace tara ruwa yake yi wuri ɗaya ya ɓalle. A kuma tambayi yadda ake shiga shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a ƙarshen 2021 da dala miliyan 700 domin jihohin Arewa 19 da Abuja, kuma gyaran ƙasa da ruwa shi ne aikinsa. Hukuma ta fi sauraron jama'ar da suka zo a ƙungiyance, da littafin awonsu a hannu, sun riga sun fara da kansu.

Duk waɗannan aikin rani ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, ba a kuma jera dutse hadari ya taso. Daga yanzu zuwa Afrilu muna da watanni a hannu, ga matasa ba aikin gona. Ina ba da shawara kafin mu tashi yau a rubuta sunayen masu son shiga adashi, a kuma sa ranar zuwa wurin masu gari.

 Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.